Zunubin gado da tsarkin Maryamu: me ya sa Yahudawa suka ce ba su gani a littafinsu ba?

Nura Ɗan Makaranta:
Salama a gare ku 'yan wannan zaure. Tambaya gare ni. Katolika suna koyar da cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubi ba, kuma na fahimci wannan ya rataya ne a kan wata koyarwar, wai kowane mutum da zunubin Adamu ake haihuwarsa. To ai labarin Adamu da Hawwa'u a Attaura yake, littafin Yahudawa. Amma na ji an ce su Yahudawan ba su yarda da wannan gado ba ko kaɗan. Da waɗanne ayoyi suke kafa hujja? Don Allah masana a taimaka, ban da zagi.

Katikis Bitrus:
Sannu Nura. Bari in fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, har da 'yan cocinmu. Haihuwar Yesu daga budurwa daban, ɗaukar cikin Maryamu ba tare da zunubi ba daban. Na biyun magana ce a kan ita Maryamu tun tana cikin mahaifiyarta. Tana da uwa da uba kamar kowa. Abin da Paparoma Pius na 9 ya shelanta ranar 8 ga Disamba 1854 shi ne, tun daga lokacin da aka ɗauki cikinta Allah ya tsare ta daga zunubin asali, wato wannan zunubin gado daga Adamu, albarkacin ceton da ɗanta zai kawo. Shi kuma zunubin asali, Majalisar Trent, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta tsara bayaninsa a 1546, amma tushensa Romawa 5:12 ne, inda Bulus ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi. Waliyyi Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya fi kowa kare wannan a jayayyarsa da Pelajiyus, malamin da ya musa gadon zunubi, har Majalisar Kartaj ta yanke hukunci a shekarar 418.

Malam Ishaya:
Katikis ya faɗi nasu daidai. Ni ba Bayahude ba ne, amma na karanta Ibrananci, zan kawo hujjarsu yadda suke kawo ta.

Ta farko kuma mafi nauyi ita ce Ezekiyel sura 18. Mutanen Yahuza da aka kwasa bauta zuwa Babila suna ta yawo da wata karin magana: iyaye suka ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Wato laifin kakanni muke biya. Allah ya rantse ta bakin annabin cewa ba za a ƙara faɗar wannan magana a Isra'ila ba. Aya ta 20 ta rufe ƙofa: ran da ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba ba zai ɗauki na ɗa ba. Irmiya 31:29-30 ya maimaita karin maganar, ya rushe ta. Kafin su duka Maimaitawar Shari'a 24:16 ta mai da abin doka, kuma an yi aiki da ita: Sarki Amaziya ya kashe fadawan da suka kashe mahaifinsa amma ya bar 'ya'yansu, 2 Sarakuna 14:6 ta ce saboda dokar Musa ne.

Ta biyu, Farawa 4:7. An riga an kori Adamu daga gonar. Kayinu ɗan fari ne, in akwai wanda gadon zai fara kamawa shi ne. Me Allah ya ce masa? Zunubi yana kwance a bakin ƙofa yana marmarinka, amma kai za ka iya mallakarsa. Bayahude zai tambaye ka, yaya za a gaya wa wanda aka haifa a ɗaure cewa zai iya? Haka Musa ya faɗa wa jama'a a Maimaitawar Shari'a 30: umarnin nan bai fi ƙarfinku ba, ba a sama yake ba, ba a ƙetaren teku ba, yana bakinku da zuciyarku.

Ta uku ita ce shiru. Ka karanta annabawa kaf, Ishaya, Amos, Mika, duk faɗan da suka yi wa Isra'ila a kan tsafi da cin zalin matalauta, ba wanda ya koma kan Adamu ya ce ga inda cutar ta samo asali. Sunan Hawwa'u ma bai sake fitowa a littattafansu masu tsarki guda 24 ba bayan Farawa sura 4. In wannan ita ce babbar matsalar ɗan Adam, me ya hana Musa faɗa?

Mama Rifkatu:
Malam Ishaya, da girmanka? Zabura 51:5 fa? Dauda da bakinsa ya ce cikin mugunta aka haife shi, cikin zunubi uwarsa ta ɗauki cikinsa. Mu a ECWA ba mu bin Katolika a kan Maryamu, amma wannan kam a fili take. Kuma duk macen da ta yi raino ta sani, ba a koya wa yaro rowa, da abarsa yake zuwa.

Malam Ishaya:
Mama, sun san ayar, a lissafinsu ita ce ta 7. Amsarsu ita ce waƙar tuba ce ta mutumin da Annabi Natan ya tsare a kan matar Uriya. Mai kuka yana kai maganarsa maƙura. Ba a ambaci Adamu a zaburar ba, ba a ce kowane jariri haka yake ba, kuma Dauda bai kawo ta don ya sauke wa wani laifin ba, sau nawa ya ce laifina, zunubina. Abin da ya roƙa kuma gafara ce kai tsaye, har ya ce karyayyar zuciya ce hadayar da Allah ke karɓa.

Rowar yaro kuwa, sun yarda da ke ɗari bisa ɗari. Suna kiranta yetser hara, wato muguwar sha'awar zuciya, daga Farawa 8:21 inda aka ce tunanin zuciyar mutum mugu ne tun daga ƙuruciyarsa. Bambancin shi ne sun ce Allah ne ya halicce ta tun farko tare da kyakkyawar sha'awa, ba ɓaraka ce da ta faru daga baya ba. Wani tsohon tafsirinsu na Farawa ma ya ce ba don ita ba da ba wanda zai gina gida, ko ya yi aure, ko ya haihu, ko ya yi fatauci. A Talmud kuma, wato babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, Allah ya ce na halicci muguwar sha'awa, na halicci Attaura maganinta.

Akwai wani labari a Talmud, Sanhedrin 91, da ya taɓa batunmu sosai. Wani sarkin Rum da suke kira Antoninus ya tambayi Rabbi Yahuda, yaushe muguwar sha'awa ke fara iko da mutum, tun ɗaukar ciki ko sai an haihu? Rabbi ya ce tun ɗaukar ciki. Sarkin ya ce da haka ne da ɗan ya shure cikin uwarsa ya fito. Rabbi ya janye, ya ce gaskiyarka, ga ma aya: zunubi a bakin ƙofa yake kwance. Kun ga a wurinsu duk ɗan da ke ciki tsarkakakke ne. Kowace safiya Bayahude mai ibada yana cewa, ya Allahna, ran da ka sa a cikina mai tsarki ne.

Katikis Bitrus:
To Fitowa 20:5 fa, a tsakiyar Dokoki Goma? Allah mai hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Ba Bulus ya rubuta wannan ba.

Malam Ishaya:
Malamansu sun daɗe da ganin karon. Talmud ya ce wannan a kan 'ya'yan da suka riƙe aikin iyayensu ne, domin ayar ta ƙare da "na waɗanda suke ƙina". A wani wurin, Makkot 24, an ma faɗa ƙarara cewa Musa ya faɗi wannan hukunci, Ezekiyel ya zo ya soke shi. Sannan Katikis, ko an bar maka ayar yadda take, tsara huɗu ta ce. Daga Adamu zuwa kanka tsara nawa?

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ina biye da ku. Abin da Malam Ishaya ya kawo daga Ezekiyel shi ne a Alƙur'ani, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, Suratul An'am aya ta 164. Abin lura shi ne a Suratun Najmi, aya 36 zuwa 38, an faɗa cewa wannan hukunci yana cikin littattafan Musa da Ibrahim. Annabi Adamu kuma ya tuba an karɓa, Baƙara aya ta 37, magana ta ƙare.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya gafarta Malam, mun gode. Amma a yi hattara kada ta koma Musulmi da Kirista, mun san inda wannan ke kai mu. Tambayar Nura a kan Yahudawa da Katolika ce.

Katikis Bitrus:
Ina ganin ana dukan abin da ba mu faɗa ba. Katikisim na 1992, littafin koyarwar Katolika, sakin layi 404 da 405, ya ce zunubin asali hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki, ba aiki ne da ya aikata ba, kuma ba laifin kansa ba ne. Uba ya sayar da gonar gado ya cinye kuɗin. Ba alƙalin da zai ɗaure 'ya'yan, Ezekiyel ya yi gaskiya. Amma za su tashi ba gona. Abin da Adamu ya ɓatar shi ne tsarki da kusanci da Allah da aka ba shi domin shi da zuriyarsa. Wanda ya rasa abu ba zai gadar da shi ba.

Malam Ishaya:
Ka zaɓi misalin da Bayahude zai yi murna da shi. Littafin Firistoci 25 ya hana a sayar da gona har abada, a shekara ta 50 tana komawa ga zuriyar mai ita.

Amma bari in kawo wanda ya amsa wannan a gaban sarki. A Yulin 1263 Sarki Yakubu na 1 na Aragon ya haɗa muƙabala a Barsalona tsakanin Musa bin Nahman, malamin Yahudawan Girona, da Pablo Kristiani, Bayahuden da ya koma Kirista ya shiga ɗariƙar Dominikan ta Katolika. A rahoton da Bin Nahman ya rubuta, ya ce hukuncin da aka yanke a Farawa 3 a bayyane yake: naƙuda, gumin goshi, ƙaya da sarƙaƙiya, mutuwa. Duk na jiki ne, kuma duk suna nan bayan zuwan Yesu kamar yadda suke kafinsa. Sai kuka ce abin da aka ɗauke hukuncin rai ne, wanda ba a rubuta a surar ba, kuma ba mai iya gani balle ya ƙaryata. Ya ce jikinsa daga iyayensa ya fito, don haka ya gaji mutuwa, amma ransa daga Allah yake, ba zai shiga wuta don laifin Adamu ba kamar yadda ba zai shiga don laifin Fir'auna ba. Sarkin ya sallame shi da kyautar kuɗi, amma rubuta rahoton ya jawo masa fitina, a 1267 ya bar ƙasar ya tafi Urushalima. Wajen 1397 Hasdai Kreskas na Saragosa ya sake bin wannan layi da hujjojin hankali.

Talatu:
Ni duk wannan tarihin ya fi ƙarfina. Tambayata ɗaya ce Baba Katikis. Jaririn da ya rasu kwana biyu da haihuwa ba a yi masa baftisma ba, ina za shi?

Katikis Bitrus:
'Yata, tambayarki ita ta fi ciwo. Agustin ya ce suna cikin hukunci, amma mafi sauƙinsa. Malaman baya suka kawo batun limbo, wurin da babu azaba amma babu ganin Allah. Ikilisiya ba ta taɓa mai da shi aƙida ba. A 2007, zamanin Paparoma Benedict na 16, kwamitin malaman tauhidi na Vatican ya fitar da takarda cewa akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa suna samun ceto. Muna danƙa su ga jinƙan Allah.

Talatu:
Sa zuciya kawai? Hmm.

Malam Ishaya:
A nan ne Bayahude zai ce shi tambayar ba ta taɓa tasowa a gidansa ba.

Nura Ɗan Makaranta:
To mu dawo kan Maryamu. Wace aya ta Attaura Katolika suka dogara da ita?

Katikis Bitrus:
Farawa 3:15. Allah ya ce wa maciji zai sa ƙiyayya tsakaninsa da macen, tsakanin zuriyarsa da zuriyarta. Muna cewa in ƙiyayyar cikakkiya ce, to akwai macen da ba ta taɓa zama a hannunsa ba ko na ƙiftawar ido. Sai Luka 1:28, gaisuwar Jibra'ilu ga Maryamu, inda muke karanta cewa cike take da alheri.

Malam Ishaya:
Luka ba littafinsu ba ne, ba ruwansu da shi. A Farawa kuwa sun ce mace ɗaya ce a wurin, Hawwa'u, wadda ta gama cin 'ya'yan itacen yanzun nan, zuriyarta kuma mu ne duka. Mutum na fasa kan maciji, maciji na saran diddige. Sannan siffofin Maryamu da kuke gani tana take kan maciji sun samo asali ne daga tsohuwar fassarar Latin da ta ce ita za ta ƙuje kansa. Ibrananci shi ya ce, wato zuriyar. Sabuwar Latin da Vatican ta fitar a 1979 ta cire "ita" ɗin.

Babbar ƙin yardarsu ma ta wuce aya. Sun ce an ƙirƙiro matsala, an ce kowa da tabo ake ɗaukar cikinsa, sai aka ga tabon zai kai ga Almasihu ta wurin uwarsa, sai aka nemo mata mafita. Kuma in Allah zai iya tsare mutum ɗaya tun daga ciki ba tare da an riga an zub da jini ba, me ya hana ya tsare kowa?

Mama Rifkatu:
Yauwa, a nan ina tare da kai. Luka 2:24, Maryamu ta kai kurciyoyi biyu Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima, bayan haihuwa. Firistoci 12 ta ce ɗaya hadayar zunubi ce. Marar zunubi me ya kai ta? Kuma ita da kanta ta ce Allah Mai Cetona.

Malam Ishaya:
Mama, ki yi haƙuri, ta kurciyoyin nan ba ta da ƙarfi, kuma Bayahude masanin shari'arsa ba zai kawo ta ba. Hadayar mai jego ta tsarkakewa ce daga jinin biƙi, kwana 40 in namiji ne, 80 in mace ce, don ta samu damar shiga Haikali. Haihuwa ba laifi ba ce a wurinsu, umarni ne na farko da aka ba ɗan Adam. Mai hali na kai ɗan rago da tattabara, marar hali tsuntsaye biyu. Abin da ayar ta nuna kawai shi ne gidan Yusufu talakawa ne.

Katikis Bitrus:
Na gode Malam, yau ka taimake ni. Batun Mai Cetona kuwa, shi ne ya hana manyanmu yarda ƙarni da ƙarni, ba na ɓoyewa. Waliyyi Bernard ya rubuta wa limaman Liyon wajen 1140 yana tsawata musu a kan bikin ɗaukar cikin Maryamu da suke yi. Toma Akwinas bai karɓa ba, don yana tsoron a fitar da ita daga cikin waɗanda Almasihu ya cece su. Duns Skotus, wanda ya rasu a 1308, shi ya warware: tsarewa tun kafin abu ya same ka ita ma ceto ce, ta ma fi. 'Yan ɗariƙar Faransiskan suka bi shi, 'yan Dominikan suka daɗe suna ja. Ikilisiyoyin Otodoks har yau ba su karɓi shelar 1854 ba.

Malam Sani:
Mai kula da zaure a yi min uzuri, layi biyu. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa duk abin haihuwa Shaiɗan yana taɓa shi lokacin haihuwa sai Maryam da ɗanta, saboda addu'ar mahaifiyarta a Ali Imrana aya ta 36. Amma kada Katikis ya ce mun zo ɗaya. Kariya ce daga Shaiɗan, ba wankewa daga wani gado ba, don kowa a kan fiɗira ake haihuwarsa.

Ɗanlami:
Malam Ishaya ka zama lauyan Yahudawa ke nan? Kana nufin a duk littattafansu babu inda aka ɗora wa Adamu komai?

Malam Ishaya:
Akwai, kuma gara in faɗa da kaina. Talmud, Shabbat 146, ya ce maciji ya zuba wa Hawwa'u wata ƙazanta da ta bi zuriyarta, amma ta gushe daga Isra'ila ranar da suka tsaya a Dutsen Sina'i. A Shabbat 55 an lissafa mutum huɗu da ba su yi zunubi ba, suka mutu kawai saboda shawarar maciji: Biliyaminu, Amram mahaifin Musa, Yesse mahaifin Dauda, da Kileyab ɗan Dauda. Bayan rushe Haikali a shekara ta 70 wani marubuci Bayahude, a littafin da ake kira Ezra na 4, ya yi kuka yana tambayar Adamu me ya yi haka, faɗuwarsa ta zama ta kowa.

Katikis Bitrus:
Ashe! To Bulus bai ƙago ba ke nan. Shi ma Bafarisiye ne, almajirin Gamaliyel. Ka ƙara da Hikimar Sulemanu 2:24 da Sirak 25:24.

Malam Ishaya:
Waɗannan biyun suna cikin littattafai 46 na Tsohon Alkawarinku, ba sa cikin 24 nasu. Na yarda tunanin yana yawo a zamanin Bulus. Amma a zamanin Ezra na 4 ɗin wani littafin, Baruk na 2, ya amsa cewa Adamu kansa kaɗai ya jawo wa, kowannenmu shi ne Adamun kansa, kuma nan malamansu suka tsaya. Dubi mutum huɗun nan da kyau: an ce sun gaji mutuwa, amma an ce ba su yi zunubi ba, kuma ba a buƙaci wata mu'ujiza a cikin uwayensu ba. Ƙazantar macijin ma Attaura ce ta wanke ta. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta a dokokin tuba cewa kowane mutum na iya zama adali kamar Musa ko mugu kamar Yerobowam, ba wanda ke tilasta masa. Wanda ya faɗi kuma ƙofarsa tuba ce, Ezekiyel 18:21. Shi ya sa ranar Yom Kippur, babbar ranarsu ta azumi da neman gafara, da yamma suke karanta littafin Yunana: mutanen Nineba ba hadaya, ba Haikali, suka juyo aka yafe musu.

Katikis Bitrus:
Bari in faɗi abin da na san zai ba wasu mamaki. Katikisim ɗinmu, sakin layi 388, ya yarda cewa mutanen Tsohon Alkawari ba su iya kaiwa ga cikakkiyar ma'anar labarin Adamu ba, sai da hasken mutuwa da tashin Almasihu. Wato ba mu cewa in ka ba mutum Farawa shi kaɗai zai fito da zunubin asali. Daga gicciye muke waiwaye mu karanta.

Nura Ɗan Makaranta:
Ke nan in Bayahude ya ce ban gani a littafina ba, Katolika ba su ƙaryata shi ba? Sun dai ce ba zai gani ba sai ya karɓi Yesu?

Malam Ishaya:
Haka ne, shi kuma zai ɗauko Maimaitawar Shari'a 4:2, kada ku ƙara kome a kan maganar da na umarce ku.

Ɗanlami:
Ni abin da ya tsaya min shi ne 1965. Majalisar Vatican ta 2 ta ce ba za a ɗora wa Yahudawan yau alhakin mutuwar Yesu ba, bayan ƙarnoni ana karanta musu Matiyu 27:25, jininsa a kanmu da 'ya'yanmu. Ai Ezekiyel ke nan aka dawo gare shi.

Katikis Bitrus:
An dawo, kuma an makara, wannan ba abin musu ba ne. Amma wancan laifin aiki ne, wanda ba a gadonsa. Na riga na ce zunubin asali ba irinsa ba ne.

Mama Rifkatu:
Katikis, Yahudawa dai sun tafi da tasu. Ni da kai Sabon Alkawari ɗaya muke riƙe. Romawa 3:23 ta ce duka sun yi zunubi. Duka.

Katikis Bitrus:
Mama, jaririn da Talatu ta tambaya a kansa wane zunubi ya aikata? Yesu fa? In "duka" ta bar waɗannan a waje, tana iya barin mutum ɗaya.

Mama Rifkatu:
Yesu an rubuta nasa, Ibraniyawa 4:15. Kawo min inda aka rubuta nata, sura da aya.